Littafin da Na Bar wa Sahura

Sahura, littafin na cikin durowar ƙasa,
mai shuɗin bango, ƙarƙashin tsofaffin wayoyi.
Jibi zan kama aiki a Funtuwa.
Daren nan na zauna ɗakin na'urori,
fanka na juya zafin da ya ƙi fita,
ina rubuta miki ping da Hausa,
tunda wanda ya ƙera ta
bai taɓa shan iskar Ƙofar Marusa ba.

Ping sallama ce, ba wani abu ba.
Ki tsaya bakin zauren wata na'ura, ki ce: da mutane?
In ta amsa, allo zai nuna miki
abin da muryar ta ci, zuwa da komowa.

-c, sai lamba: sau nawa za a yi.
In kin mance shi ba ta dainawa,
ta dinga rafka sallama ke nan har asuba
kamar mai bin bashi ya ga takalmi a ƙofa,
sai kin danne ta da yatsu biyu.
Ni uku nake sawa. Haka Inna ta hore mu:
uku, in shiru, ka juya.

-i tazara ce, numfashi tsakanin kira da kira.
Daƙiƙa guda, in ba ki ce komai ba.

-W babba, haƙurin jiran amsa.
-w ƙarama, wa'adin tsayuwar baki ɗaya.
Kada ki gauraya su. Ni na gauraya, shekarar fari,
na yi wa layin Dutsin-Ma ƙazafin mutuwa.
Oga Mannir ya tuƙa har can cikin azumi,
ya tarar da shi garau,
ya dawo, mako guda bai amsa gaisuwata ba.

-s nauyin kaya, hamsin da shida in an bar shi.
Ƙara masa, ki ga ko hanyar na ɗauka.
Akwai gadar da mai keke ke hayewa yana fito,
tirela ta hau, ta durƙushe.

-t guzuri ne: zango nawa saƙon zai ci.
Kowace tasha ta zare ɗaya,
in ya ƙare, nan ya kwanta.
Ba mugunta ba ce,
don kada ɓatacce ya yi ta kewaya duniya ba ranar isa.

-q ga ranar da ba ki son surutu,
ta yi gum, sai a ƙarshe ta ba da lissafi:
na aika kaza, kaza suka komo.

-f kau, ambaliya. Na rubuta shi da jan biro.
Kira kan kira, ba jiran kowa.
Sanin sa ya isa, bar shi nan.

Saura layi ɗaya, shi ya hana ni tashi.
Shiru ba shi ne mutuwa ba.
Wata na'urar tana nan, tana ji sarai,
katanga aka gina mata, aka ce kar ta tanka.

Na ajiye biro a nan, Sahura.
Shekara huɗu rabona da muryar Rabe
tun rabon gonar Baba ta hanyar Jibiya.
Na kira sau uku ranar, na juya,
na rubuta a raina: na aika uku, babu ko ɗaya.
Ban taɓa tambayar kaina ba
ko wa'adin ne na yi wa gajarta,
ko kayan da na ɗora wa maganar suka fi ƙarfin gadar.

An kira assalatu daga wajen Gobarau.
Batirin ya fara kuka, wuta ba ta dawo ba.
Makullin na hannun maigadi, ki shafa wa kwaɗon mai.
Shafin ƙarshe na bar shi fari,
za ki gano abin da ban gano ba.

Ni bari in fita waje, inda sabis ya fi kamawa.
Lambarsa na nan, ban goge ba.